Aure da Gado a Gidan Clare na Ƙasar Ingila (1066-1317)

Gabatarwa

Masu rubuta nasabar manyan gidaje sun saba jera sunayen maza, wane ɗan wane jikan wane, su bar mata a gefen takarda, wani lokaci ma ba suna, sai dai a ce ɗiyar wane. Wanda ya karanta nasabar gidan Clare ta wannan hanya ba abin da zai gani sai Rishar ya haifi Jilber, Jilber ya haifi Rishar, har tsawon shekara 250. Ba zai gane yadda aka yi mutanen da suka ƙetara zuwa Ingila da ƴan gandaye kaɗan a Normandi suka wayi gari, a ƙarshen ƙarni na 13, ba gidan da ya fi su arziki in an ɗebe na sarauta ba. Haka kuma ba zai gane yadda mutuwar saurayi guda a bakin wani rafi na Sikotlan ta watsar da wannan dukiya cikin shekara uku ba. Abin da mu ke so mu nuna a cikin wannan maƙala shi ne, takobi ya samar wa gidan Clare wurin zama, aure ya ba shi girma, kuma ƙa'idar gadon da ta tara masa ƙasashen wasu ita ce daga bisani ta raba tasa.

Kafin mu shiga, sai mu yi wa mai karatu ɗan bayani bisa kalmomi. Waɗannan mutane Faransanci ne harshensu ko da ya ke a Ingila su ke zaune, saboda haka mun rubuta yawancin sunayen yanka yadda a ke furta su da Faransanci: Giyom, Rishar, Jilber, Hanri. Sunayen garuruwa da gidajen da ba a saba ji ba mun bar su yadda masu su ke rubutawa. Sarautar da Faransawa ke kira kwant mun fassara ta da hakimi, mayaƙin doki mai sulke kuwa barde. Kuɗin lissafi iri biyu ne, fam da marki; marki sulusi biyu ne na fam.

Asali

Tushen gidan daga gidan sarautar Normandi ya ke. Rishar na Ɗaya mai Normandi, wanda ya rasu a 996, ya sami ɗa ta wajen ƙwarƙwara, wannan ɗa kuma ya haifi Jilber hakimin Brionne. Jilber na cikin waɗanda aka danƙa wa riƙon yaro Giyom, wanda daga baya ya ci Ingila, kuma cikin rikicin ƙuruciyar Giyom ne aka kashe shi wajen shekara ta 1040. Aka gudu da ƴaƴansa biyu zuwa Filandar. Sa'ad da Giyom ya kafu, ya komo da su, ya ba babban, Rishar, Orbec da Bienfaite, amma bai mayar masa da Brionne ba.

Bayan cin Ingila a 1066 Rishar ya sami rabo mai tsoka. Littafin ƙidayar ƙasa da Giyom ya sa aka rubuta a 1086 ya nuna gandayensa sun haura 170, kuma 95 daga ciki a lardin Suffolk su ke, kewaye da garin Clare inda gidan ya samo suna. Yana da kagara kuma a Tonbridge, kudu da Landan. Matarsa Rohez ɗiyar Walter Giffard ce, ɗaya daga cikin manyan baraden Giyom, kuma littafin ya ambace ta da gandayenta na kanta. Muna roƙon mai karatu ya riƙe sunan wannan mata, domin aurenta bai ba da ƴaƴansa na dukiya ba sai bayan fiye da ƙarni guda.

Ɗaya daga cikin ƴaƴan Rohez mata ta auri Walter Tirel, mutumin da kibiyarsa ta kashe Sarki Giyom na Biyu a wurin farauta ran 2 ga Agusta 1100. Sabon sarki, Hanri na Ɗaya, bai daɗe ba ya naɗa wani ɗan Rohez shugaban gidan zuhudu na Ely, ya kuma ba ɗan'uwanta kujerar bishop ta Winchester. Wasu masana sun shinshino makirci a cikin wannan. Hujjarsu ba ta wuce zato ba. Abin da ke tabbas shi ne Hanri ya riƙe gidan da hannu biyu. A 1110 ya ba magajin gidan, Jilber ɗan Rishar, ƙasar Ceredigion a Wels, watau ya ba shi izinin ya ci ta in ya iya. Wani ƙanen Jilber ya sami Chepstow a bakin iyakar Wels, ya kafa gidan zuhudu na Tintern a 1131, ya mutu ba ɗa.

Daga ƴaƴan wannan Jilber gidan ya rabu reshe biyu. Babban ɗa, Rishar, mutanen Wels suka yi masa kwanto suka kashe shi kusa da Abergavenny a 1136. Zuriyarsa ce ta riƙe Clare da Tonbridge da sarautar hakimin Hertford. Ƙaramin, shi ma Jilber, Sarki Etiyen ya naɗa shi hakimin Pembroke a 1138, ya kuma gaji Chepstow.

Ƙa'idar gado

Dole mu tsaya a nan mu duba doka, domin in ba ita ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ƙasar da barde ke riƙe da ita daga hannun sarki ba a raba ta tsakanin ƴaƴa maza. Babban ɗa ya kan kwashe duka, ƙanne su nemi na kansu a bakin mashi ko a hidimar coci. Wannan ya sha bamban da rabon gadon da muka saba gani, inda kowane ɗa da kowace ɗiya ke da kason da aka yanka masa. To amma in mutum ya mutu bai bar namiji ba, tun daga ƙarni na 12 al'ada ta zauna bisa cewa ƴaƴansa mata su raba daidai wa daida, babba ba ta fi ƙarama ba. Kowace ta tafi da kasonta gidan miji, mijin ya ci amfani muddin ransa, ƴaƴanta su gada.

Abu na biyu, marayu da magajiyoyi da gwauraye mata na manyan gidaje a hannun sarki su ke. Shi ke cin kuɗin ƙasar har maraya ya balaga, shi ke zaɓa wa magajiya miji, ya ba wanda ya so ko ya sayar wa wanda ya fi tayi. A 1185 ma'aikatan Hanri na Biyu sun rubuta wani kundi na irin waɗannan mata da yara, kowace da shekarunta da yawan ƴaƴanta da abin da gandayenta ke kawowa, har da shanun huɗa da tumaki. Mai karanta shi sai ya ga kamar lissafin kasuwa ne. Daga waɗannan abubuwa biyu za a gane cewa auren ɗiyar babban gida caca ne mai dogon zango. In tana da ƴan'uwa maza, ba abin da ta kawo sai ɗan abin da ubanta ya ba ta. In mazan suka ƙare, ko da bayan jikoki ne, jininta ya zama takardar mallaka.

Reshen Pembroke

Hakimin Pembroke ya bar ɗa, Rishar, wanda marubutan baya suka yi wa laƙabi da Baka-mai-ƙarfi. Wannan ya tashi cikin rashin sa'a, domin gidansu ya goyi bayan Etiyen a yaƙin basasa, kuma Hanri na Biyu da ya hau a 1154 bai tabbatar masa da sarautar ubansa ba. Yana nan, ga asali ga bashi, sai Diarmait sarkin Leinster, wanda abokan gabansa suka kora daga Irlanda a 1166, ya zo neman mayaƙa. Ya yi wa Rishar alkawarin ɗiyarsa Aoife da gadon sarautarsa. Rishar ya sauka Irlanda a watan Agusta 1170, ya ci Waterford, aka ɗaura auren a cikin garin da aka ci. Diarmait ya rasu a Mayu 1171.

Abin lura a nan shi ne, a dokar Irlanda mace ba ta gadar da sarauta. Dangin sarki maza ne ke zaɓen magaji a tsakaninsu. Watau Rishar ya ɗauko ƙa'idar wata ƙasa ya aza bisa wata, ya tsare ta da barade. Hanri na Biyu kuwa, da ya ga bardensa na neman zama sarki a tsallaken teku, sai ya taho da kansa a Oktoba 1171. Rishar ya miƙa Dublin da Waterford, aka bar masa Leinster bisa sharaɗin ya kawo barade 100 in an kira yaƙi. Daga wannan aure aka soma doguwar mu'amalar Ingila da Irlanda, mai yawan jini.

Rishar ya rasu a 1176, ɗansa namiji ya bi shi tun yana yaro wajen 1185. Sai ɗiya guda ta rage, Izabel, magajiyar Leinster da Chepstow da haƙƙin Pembroke. Sarki ya sa aka tsare ta a Hasumiyar Landan, kamar yadda a ke tsare taska. Wanda aka ba ita shi ne Giyom Marshal, ɗa na huɗu ga wani matsakaicin basarake, wanda ya yi suna a wasannin barade na Faransa da hidimar sarakuna amma ƙasarsa ba ta taka kara ta karya ba. Hanri ya yi masa alkawari, Rishar Zuciyar-Zaki ya cika, aka ɗaura aure a Landan a Agusta 1189. Angon ya haura shekara 40, amarya ba ta kai 20 ba. Cikin yini guda ya shiga sahun manyan ƙasa; a 1199 Sarki Jan ya naɗa shi hakimin Pembroke, a 1216 kuma ya zama mai riƙon sarautar Ingila a madadin yaro Hanri na Uku.

Giyom bai manta inda arzikin ya fito ba. Tarihin rayuwarsa, wanda aka tsara a waƙe da Faransanci bayan rasuwarsa a 1219, ya kawo cewa sa'ad da Sarki Jan ya kira shi Ingila a 1207, ya tara mutanensa na Leinster ya gabatar musu da Izabel, ya tuna musu cewa ita ce uwar ƙasar ta wajen haihuwa, shi kuwa ba shi da kome a nan sai ta dalilinta. Tana da ciki a lokacin. Ita da baraden gidan suka tsare Leinster daga wakilin sarki har mijin ya komo, kuma littafin ya nuna ta fi shi tsanani ga waɗanda suka ci amana.

Gadon Giffard da na Gloucester

A wannan shekara ta 1189 ne auren Rohez ya yi ƴaƴa. Namiji na ƙarshe a gidan Giffard ya mutu ba ɗa tun 1164, Hanri na Biyu ya riƙe ƙasar shekara 25 yana ci. Rishar Zuciyar-Zaki, da ya ke yana neman kuɗin tafiya yaƙin Ƙudus, sai ya tuna da magada. Aka raba ƙasar biyu tsakanin zuriyar Rohez: rabi ga Rishar hakimin Hertford, rabi ga Izabel da mijinta, wanda ya ɗauki alkawarin marki 2,000 ya sami Longueville a Normandi. Ba wanda ya zare takobi. Tsohuwar nasaba ce da sabon kuɗi.

Wannan Rishar na Hertford shi ya yi auren da ya fi kowane riba a tarihin gidan, ko da ya ke shi kansa bai ga ribar ba. Matarsa Amis ɗiya ce ta biyu ga Giyom hakimin Gloucester, jikan Hanri na Ɗaya. Ɗan hakimin namiji ya mutu a 1166, aka bar mata uku: Mabel, Amis da Izabel. Bisa ƙa'ida kowace na da sulusi. Hanri na Biyu ya tsallake ƙa'idar, ya ajiye ƙaramar domin ɗansa Jan tare da ƙasar duka, ya sallami yayyenta da fam 100 a shekara. Jan ya aure ta a 1189, ya rabu da ita da ya hau sarauta a 1199 bisa hujjar kusancin jini, amma ya riƙe ta ita da ƙasarta. A 1214 ya sayar da aurenta ga hakimin Essex marki 20,000, kuɗin da ba a taɓa jin irinsa bisa mace ba. Mijin ya mutu a 1216, ta sake aure a 1217, ta rasu cikin ƴan makonni, ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗan Mabel kuwa ya riga ya mutu ba magaji. Sai aka waiwaya aka ga ba wanda ya rage sai Amis, wadda aka ƙi, wadda har an taɓa raba ta da mijinta wajen 1200 bisa zancen zumunta, domin a lokacin coci na hana aure har dangi na bakwai. Ɗanta Jilber ya zama hakimin Gloucester da Hertford, ya sami Tewkesbury da ƙasar Glamorgan a kudancin Wels. Kagarar Bristol ce kawai sarki ya ƙi saki.

Ba abin mamaki ba ne da Rishar da ɗansa Jilber su ke cikin manya 25 da aka zaɓa su tsare alkawarin Magna Karta a 1215. Sharuɗɗan takardar bisa aurar da magada ga tsaransu, da hana tilasta wa gwauruwa aure, abin da ya faru a ɗakin uwarsu ne da na ƙanwarta. Jilber ya ci gaba da tawaye har aka kama shi a yaƙin Lincoln a Mayu 1217, inda tsoho Giyom Marshal ke jan rundunar sarki. A Oktoban wannan shekara Giyom ya aurar masa da ɗiyarsa, ita ma Izabel. Fursuna ya koma suruki, kuma rassan nan biyu da suka rabu a zamanin Etiyen suka sake haɗuwa, domin ango da amarya kakan-kakansu ɗaya ne, Jilber na Ceredigion.

Ƙarewar gidan Marshal

Ranar wannan aure ba wanda zai ce amarya magajiya ce, domin tana da ƴan'uwa maza biyar. Sai ga shi sun bi juna ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya bar ɗan halas. Giyom ƙarami ya rasu a 1231. Rishar ya mutu da raunin yaƙi a Irlanda a 1234 yana cikin tawaye. Jilber doki ya kashe shi a wasan barade a 1241. Walter ya rasu a Nuwamba 1245, Anselm a Disamba, kafin ma a naɗa shi. Marubucin zamanin, Matiyu Paris, ya danganta wannan ga bakin bishop na Ferns, wanda tsoho Giyom ya ƙwace wa gandaye biyu. Mutanen da ke auna daraja da ɗa namiji ba su iya karɓar irin wannan ƙarewa ba tare da sun nemo mata dalili ba.

A 1247 aka raba ƙasar kashi biyar tsakanin zuriyar mata biyar. Gidan Bigod, ta wajen babbar, Mod, ya sami Chepstow da Carlow da muƙamin Marshal, wanda ya yi kama da na shamaki da mai tsara rundunar fada. Pembroke da Wexford suka bi jikar gidan da sarki ya aurar wa ɗan'uwansa na wajen uwa. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, Sibil, ita ma mata bakwai ta bari, har kowace ta tashi da ɗaya bisa 35 na abin da Baka-mai-ƙarfi ya tara. Gidan Clare ya sami Kilkenny a Irlanda da Usk a Wels. Wannan shi ne gado na uku da ya shigo ta ƙofar mata, kuma ya kamata ya zama ishara ga masu karɓarsa.

Jilber Jatau da ɗiyar sarki

Jikan Izabel Marshal, Jilber da a ke wa laƙabi da Ja saboda gashin kansa, mu kuma muka kira shi Jatau, an haife shi a 1243. A zamaninsa ƙarfin gidan ya kai inda duk ɓangaren da ya jingina shi ke rinjaye. A yaƙin Lewes na 1264 yana tare da Simon de Montfort, aka kama sarki. A Evesham a 1265 yana tare da yarima Edwar, aka kashe Simon. A 1268 ya soma gina kagarar Caerphilly domin tsare Glamorgan daga Llywelyn na Wels, kuma a duk Biritaniya Windsor ce kaɗai ta fi ta faɗi.

Aurensa na fari, da aka ɗaura yana ɗan shekara goma da Alis ta gidan Lusignan, bai yi daɗi ba. Sun sami mata biyu, suka rabu, coci ta warware auren a 1285. Sarki Edwar na Ɗaya, wanda ya san abin da Jatau zai iya, ya ba shi ɗiyarsa Jowana, wadda aka haifa a Akka a 1272 lokacin da uban ke yaƙi a can. Aka ɗaura aure ran 30 ga Afrilu 1290, ango na da shekara 46, amarya 18. Amma da sharaɗi: Jilber ya miƙa wa sarki ƙasarsa duka, aka mayar masa da ita da sunansa da na Jowana tare, gado ya bi ƴaƴan da suka haifa, in babu ya bi ƴaƴan da ita za ta haifa da wani mijin. Da wannan aka shafe ƴaƴan Alis, aka kuma tsallake ƴan'uwan Jilber maza. A ganinmu daga ranar nan gidan Clare ya zama reshen gidan sarauta, ko da masu shi ba su ɗauke shi haka ba.

Jatau ya rasu a Disamba 1295, ya bar namiji guda ɗan shekara huɗu da mata uku. Jowana kuwa ta yi abin da magajiyoyi ba su cika samun yi ba: a 1297 ta auri wani ƙaramin barde na gidan mijinta, Ralf de Monthermer, a ɓoye. Uban ya fusata ya ɗaure shi a Bristol, daga baya ya huce, har Ralf ya riƙe sunan hakimin Gloucester zuwa rasuwarta a 1307.

Bannockburn da ƴan'uwa mata uku

Jilber na ƙarshe ya auri Mod ɗiyar hakimin Ulster a 1308, ƙanwarsa Elizabet kuma ta auri ɗan hakimin, Jan de Burgh, a wannan biki guda. Ran 24 ga Yuni 1314, a rana ta biyu ta yaƙin Bannockburn, ya afka cikin masun Sikotawa a gaban rundunar kawunsa Edwar na Biyu, aka kashe shi yana da shekara 23. Sarkin da ya ci yaƙin, Robar Brus, kakarsa ɗiyar gidan Clare ce, matarsa kuma ƴar'uwar Mod ce. Ya mayar da gawar ba fansa, aka rufe ta a Tewkesbury. Reshen maza da ya rage a Irlanda shi ma bai daɗe ba: an kashe Rishar de Clare a Dysert O'Dea a 1318, ɗansa ya mutu yana yaro a 1321.

Ƙasar da Jilber ya bari na kawo wajen fam 6,000 a shekara. Gwauruwarsa ta ce tana da ciki, aka dakatar da rabo. Wata tara ya wuce, shekara ta wuce, har a majalisar 1316 lauyoyin sarki na kafa hujja da wannan ciki. Ba wanda aka ruɗa. Sarki ne ke cin kuɗin ƙasar yana kuma neman mazan da zai ba magajiyoyin. Babbar, Eleyanor, tun 1306 tana auren Hugu Despenser ƙarami. Ta biyu, Margarit, gwauruwar Gaveston ce, aminin sarki da manyan ƙasa suka kashe a 1312. Ta uku, Elizabet, mijinta ya rasu a 1313. Da ta komo daga Irlanda a 1316 wani basarake, Teobal de Verdun, ya ɗauke ta daga Bristol ya aure ta ba da izinin sarki ba, ya mutu cikin wata shida ya bar ta da ciki. A 1317 sarki ya aurar da Margarit ga Hugu Audley, Elizabet ga Roje Damory, dukansu ƴan gaban goshinsa, sa'an nan a Nuwamba aka yi rabo. Despenser ya sami Glamorgan, Audley Tonbridge da Newport, Damory Clare da Usk.

Despenser bai gamsu da sulusi ba. Ya murɗe Newport daga hannun Audley, ya sa ido bisa sauran, sarki na bayansa. A 1321 manyan iyakar Wels suka tashi suka ƙone ƙasashensa, mazan ƙannen matarsa na cikinsu. Sarki ya murƙushe su a 1322. Damory ya mutu da rauni a watan Maris, aka ɗaure Audley, aka kulle Margarit a gidan zuhudu na Sempringham. Elizabet, wadda ta binne miji uku tana da shekara 26, aka tsare ta a Barking ita da ƴaƴanta har ta yarda ta musanya Usk da Gower, ƙasar da ba ta kai ta daraja ba, daga baya ita ma aka raba ta da ita ta hanyar shari'a. A Mayu 1326 ta sa aka rubuta mata takarda a asirce, gaban shaidu, cewa duk abin da ta sa wa hannu tilas ne. Kafin shekarar ta ƙare sarauniya Izabel ta shigo da runduna, aka rataye Despenser a Hereford a Nuwamba, aka tuɓe Edwar na Biyu a Janairu 1327. Ba za a ce gadon Clare kaɗai ya kayar da sarkin ba, amma daga rabonsa wutar ta kama.

Kason Eleyanor ya zauna a gidan Despenser. Na Margarit ya bi ɗiyarta guda, wadda Ralf Stafford ya sace ya aura a 1336. Elizabet ta sami Usk a 1327, ba ta sake aure ba, ta riƙe ƙasarta da kanta shekara 33. Kundayen lissafin gidanta sun wanzu da yawa, har masana na dogara da su wajen sanin yadda babban gida ke ci da sha a ƙarni na 14. A 1338 ta ɗauki nauyin wata makaranta a Kambirij da talauci ya kusa rufewa, ta ba ta dukiya da suna, a 1359 ta tsara mata dokoki. Ita ce kwalejin Clare. Ta rasu ran 4 ga Nuwamba 1360.

Ɗanta namiji, hakimin Ulster, mutanensa sun kashe shi a 1333 yana da shekara 20, ya bar jaririya mace, takwarar kakarta. Sarki Edwar na Uku ya aurar da ita ga ɗansa Liyonel, kuma a 1362 ya ƙirƙiro masa sarautar Clarence daga sunan Clare. Su ma mace guda suka haifa, Filipa, wadda ta shiga gidan Mortimer. Jikarta An Mortimer ta kai haƙƙin gidan York, kuma da wannan nasaba ta mata ne jikan An ya nemi gadon sarautar Ingila, ya hau a 1461 da sunan Edwar na Huɗu. Daga lokacin garin Clare da gandayensa suka koma cikin dukiyar sarki.